Abincin da Ƙanwata Ba Ta Ci Ba

A ƙauyen da aka haife ni, da yatsu biyu ake auna lafiyar yaro. Tsohuwa za ta kira ka, ta kama damtsenka, ta zagaye shi da babban yatsa da na tsakiya. In yatsun suka haɗu, sai ta yi tsaki, ta aika a kira uwarka ta sha faɗa. In suka kasa haɗuwa, sai ta bubbuga bayanka ta ce, tafi, kai mai zama ne. Mai zama, wato wanda mutuwa ba za ta ɗauka da wuri ba. Ni dai ba a taɓa ce mini mai zama ba. Duk yaran da muka tashi tare, yatsun tsofaffi haɗuwa suke yi a hannunmu har da rara, in ka cire ɗan mai unguwa, shi ma don uwarsa tana soya ƙosai ne. Ƙauyen nan yanzu babu shi. In ka taso daga Gudu za ka Apo, akwai wani wuri da titi ya lanƙwasa, ga dogayen gidaje da waya mai wuta a kan katanga. To a nan turmin uwata yake. Kullum sai na wuce ta wurin sau biyu, da safe in tafi gareji, da yamma in koma Lugbe. Ba na juya kai.

Mu Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, noman doya muka gada. Abin da na fi tunawa da shi a lokacin nan ƙara ce. Gari bai gama wayewa ba za ka ji taɓarya tana faɗa wa turmi daga gida uku ko huɗu, kowace mace da irin bugunta, har kana iya gane matar wane ce ta makara. Sai ƙarar fartanya ana wasa ta a dutse, sai kukan awaki, sai muryar babana yana kiran sunana sau ɗaya, don shi ba ya kira sau biyu. Daga nan ƙafa ce har faɗuwar rana. Gonarmu tana bayan dutse, sai ka hau ka gangara. Aikin yara maza korar birai ne daga masara, kuma biri ba ya jin tsawa, sai ka bi shi da gudu da jifa, ka dawo ka tarar 'yan'uwansa sun shiga ta ɗaya gefen. Mu yi ciyawa, mu haƙa ramin gafiya, mu yi kokawa a yashin rafi, mu hau ɗorawa mu hau kaɗanya. Ba wanda ya taɓa ce mana wannan motsa jiki ne. Yanzu da sassafe ina ganin manyan mutane da fararen takalma suna gudu a gefen titin filin jirgi, ba biri a gabansu, ba kare a bayansu, su kai wani wuri su duba agogo su juyo. Da can dariya nake musu. Na daina.

Wahalar 'yan mata ta fi tamu. A wajenmu mace ba ta ɗora kaya a ka. Tsofaffi suna cewa kai ya riga ya ɗauki nauyin tunanin mutum, zalunci ne a ƙara masa itace. Saboda haka a kafaɗa ake ɗauka, cikin babbar ƙwarya, hannu ɗaya yana tallafe da ita, wuya a karkace. Ƙanwata, wadda take bi na da shekara biyu, tun tana 'yar shekara shida aka ba ta 'yar ƙwaryarta. Kafin ta kai goma sha ɗaya kafaɗarta ta dama ta yi kanta, fatar ta yi baƙi ta yi tauri, har takan ce wa yara maza su soka mata ƙaya su gani ko za ta motsa. Siririya ce kamar karan dawa, da wushirya, ga baki. Ta fi ni gudu, kuma ba ta ɓoye wannan wa kowa. In mun taso daga gona, ita da doya a kafaɗa, ni hannu sake, sai ta wuce ni a gangaren dutse tana cewa, "Yaya, in jira ka ne ko in aiko a ɗauke ka?" Da yarenmu muke magana, ni ne nake juya muku da Hausa.

Sai shekarar da masu awo suka zo. Suka zo da mota mai buɗaɗɗen baya da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa, suka kakkafa duwatsun siminti a tsakiyar gonaki, ɗaya ma a bakin rumbunmu. Aka ce birni ne zai zo, za a tashe mu kafin damina. Babana mutum ne mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Ya ce ba zai binne irin doyarsa ba katafila ta zo ta tone, sai muka cinye irin. Damina ta zo, katafila ba ta zo ba. Ta tsaya can wajen da ake yanka titi, sai bayan shekara biyu ta iso mu. Wannan damina na san yunwa. Muka ci ganye iri-iri, muka ci rogo mai ɗaci da sai an jiƙa shi kwana uku. Turmi ya yi shiru a gida huɗun nan. Abin da ya riƙe mu shi ne itace: Mama da ƙanwata suna saro shi, su kai wa matan da ke dafa wa leburorin titi abinci, su dawo da mudun garin dawa ko rabi. Tafiya ce mai nisa, in ka fita da safe sai rana ta take tsaka ka isa.

Wata rana ƙafar Mama ta kumbura, ta ce in raka ƙanwata. Yarinyar nan tun jiya jikinta da zafi, amma ta ɓoye, don ta san in ba a kai itacen ba babu tuwo. Muka tafi, ita a gaba da ƙwarya, ni a baya da ɗan sanda ina dukan ciyawa. Muka haye rafi, muka fara hawan gangaren da ke bayansa, sai na ga na wuce ta. Ban taɓa wuce ta ba. Na ji ta ce, "Yaya, tsaya." Na juya. Ta jingina da wani dutse, kayan na kafaɗarta, numfashinta yana fita da wani sauti kamar zugazugin maƙeri da ya huje.

Ta ce, "Karɓar mini kaɗan. Zuwa bishiyar can kawai."

A daidai lokacin ga abokaina uku suna tafe da gudu, za su kallon katafila. Na dube su, na dube ta.

Na ce, "Ni namiji in ɗauki ƙwarya a kafaɗa? So kike su yi mini waƙa?"

"Ba za su gani ba. Ka bari su wuce."

"Ki huta ki taho. Ai kin fi ni gudu."

Na bi abokaina. Muka kalli katafila tana tumɓuke ɗorawa da saiwarta, muna ihu. Direban ya jefo mana guntun burodi, muka yi wawa, ni na samu, na juya baya na cinye ni kaɗai. Da na biyo hanya da yamma ba ta a bakin dutsen. Ashe ta tashi, ta kai itacen, ta karɓo garin, ta dawo gida da ƙafarta, ta ajiye a gaban Mama, sannan ta kwanta. Ba ta sake tashi ba. Kwana huɗu ta yi. Da mata suka zo wanka, ina leƙe ta zana, na ga Mama ta kama damtsenta ta zagaye da yatsu, yatsun suka haɗu suka hau kan juna. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ce wa matan, "Ciwo ya zo bai tarar da nama ba, sai ya ci rai. Da da ƙiba a jikinta, da ya ci ƙibar ya bar mini 'yata." Wannan magana ita ce duk karatun likita da na yi a duniya. Ban faɗa wa kowa abin da ya faru a bakin rafi ba.

Daga baya aka tashe mu, aka kai mu wani wuri da gidaje a jere kamar akwatin ashana, ƙasar kuma ba ta doya ba ce. Babana bai daɗe ba ya rasu. Na bar makaranta a aji huɗu, aka kai ni koyon kanikanci, a hannun ogana na musulunta, Mama ta ci gaba da zuwa cocinta, ba wanda ya tsangwami wani. Na yi aure a makare. Madam ɗina tana sayar da gwanjo a kasuwar Gudu. Muka yi shekaru ba haihuwa, sai Allah ya ba mu 'ya mace, ita kaɗai kuma har yau. Ranar suna Mama ta zo, ta karɓi jaririyar, ta buɗe zanin, ba ta dubi fuska ba, kafaɗa ta duba. Akwai wani baƙin tabo a kafaɗar dama, bai fi kan yatsa ba. Mama ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ta dawo. Ta dawo ta ci abin da ba ta ci ba." Na san addinina bai yarda da wannan ba, nata ma bai yarda ba, fastonsu yana faɗa a kai. Amma ban musa ba. Gaskiya ma daɗi na ji, kamar wanda aka ce an ɗaga shari'arsa.

Tun daga ranar na ɗauki alkawari biyu a zuciyata: yarinyar nan ba za ta san yunwa ba, kuma ba za ta ɗauki kaya ba. Na cika su duka biyun, har na wuce. Ban taɓa shiga gida hannu sake ba. Yau tsire, gobe fanke, jibi biskit da lemon kwalba. Kafin ta kwanta a dafa mata taliyar leda da ƙwai biyu, ko da ta ci tuwo. In ta ce ta ƙoshi sai in ce ƙara loma ɗaya don Baba. Uwarta takan yi magana.

"Maigida, bar ta ta ɗebo ruwan nan mana, rabin bokiti ne fa."

"Ajiye. Ina raye 'yata ba za ta ɗauki kaya ba."

"To shara fa? Ita ma kaya ce?"

"Ke ba ki da hannu ne?"

"Wata rana gidan wani za ta, ka sani."

"In lokacin ya zo sai in bi ta da tsintsiya."

Sai ta yi dariya ta ƙyale ni. Makarantar yarinyar ba ta da nisa, mu a zamaninmu nisan nan ko wajen kiwon awaki bai kai ba, amma na ɗauki mai keke yana zuwa har ƙofar gida ya ɗauke ta, ya dawo da ita har ƙofar gida, jakar ma shi yake riƙewa. Makarantar kuwa gidan haya ne aka mayar azuzuwa, tsakar gidan ko akuya biyu ba za su samu wurin faɗa ba. In ta dawo, a rufe get. Waje akwai motoci, akwai 'yan acaɓa, akwai labarin masu satar yara da ake yawo da shi a waya. Filin da yaran unguwa suke ƙwallo an yi masa katanga an sa allon sayarwa. Sai ta zauna a kujera, talabijin a gabanta, wayar uwarta a hannunta, kwano a cinyarta. Ni kuma in na shigo na gan ta haka, sai in ji zuciyata ta kwanta. Ba rafi, ba gangare, ba itace. Tana zaune, tana ci.

Tana shekara huɗu yatsun Mama suka daina haɗuwa a damtsenta. Tana takwas sai da hannu biyu. Mama ta yi guɗa a tsakar gida ta ce, "Mai zama! Wannan karon mai zama ce!" In na kai ta gareji ranar hutu, abokan aiki su ce, "Oga, kuɗi ya zauna, ga shaida tana tafe." In yi murmushi in aika a sayo mata lemo. Uwarta ta fara zaɓo mata riguna daga dilar manyan mata, tana rage tsawon. Ban ga komai a ciki ba. Abin da aka koya mini shi ne ramammen yaro ake binnewa.

Tana shekara goma sha ɗaya, wata Asabar, za mu je gaida Mama, babu motar kwastoma a hannuna, sai muka fita neman bas. Dole mu haye titin filin jirgi ta gadar sama. Ban taɓa hawa da ita ba. Ina gaba ina tunanin wani injin da ya ƙi tashi, na kai rabin matakala, sai na ji an ce, "Baba, tsaya." Na juya. Ta jingina da ƙarfen gadar, bakinta a buɗe, gumi yana zuba, numfashinta yana fita da sautin nan. Shi ne, ba kama ba. Shekara kusan arba'in ban ji shi ba, amma kunnena bai manta ba. Wallahi sai da na dubi kafaɗarta ina neman ƙwarya. Babu komai a kafaɗarta. Duk kayan yana jikinta, ni na ɗora mata shi loma-loma, kuma ba irin wanda zan ce kawo in karɓa miki ba ne. Na sunkuya zan ɗauke ta. Ni da nake ɗaga giyar mota da hannu, na kasa ɗaga 'yata. Wata mai sayar da gyaɗa a kan gadar ta taso tana mata fifita da murfin kwali, ta ce, "Oga, wannan yarinya ba ya tafiya ne a gida?"

Ranar Litinin muka kai ta asibitin unguwa, ni da uwarta. Wata nas muka tarar, 'yar wajen Jos, ba ta tauna magana. Ta ɗora ta a sikeli, ta auna tsayinta, ta ɗaura mata abin awon jini, ta soki yatsanta. Sannan ta ɗaga mata haɓa ta dubi wuya. Akwai wani baƙi da ya zagaye bayan wuyan, uwarta ta daɗe tana dirzarsa da soso da sabulun salo, tana mata faɗan ƙazanta.

Nas ta ce, "Madam, ki bar wanke shi, ba datti ba ne. Alama ne suga yana hanya. Bai shigo ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Jininta ma ya hau fiye da na yaro." Ta juyo gare ni. "Oga, wane wasa take yi?"

"Ba ta wasa. Karatu take yi."

"Makaranta da ƙafa take zuwa?"

"Allah ya kiyaye. Akwai mai keke."

"Aikin gida fa?"

Uwarta ta dube ni ta gefen ido. Na ce, "Sista, a garinmu wannan jikin shi ne lafiya. Tsofaffinmu ba mahaukata ba ne."

Ta ce, "Ban ce mahaukata ne ba. A garinku yarinya tana ci ta tafi gona. Wannan in ta ci ina take zuwa?"

Ta ce shekarun nan da yarinya take shirin zama budurwa su ne jiki yake kama hanyar da zai bi, in aka bar ta haka zai yi wuya a juyo da ita. Ta ce kada a sa ta yunwa, a dai rage, a bar lemo da soye-soye, ta riƙa tafiya kullum, ta yi shara, ta ɗebi ruwa, ta yi gumi.

Na sallami mai keke. Bayan sallar asuba, in gari ya yi haske, mu fita ni da ita mu zagaya unguwa, sannan in raka ta makaranta da ƙafa. Maƙwabta suka samu abin faɗa. "Oga bakanike, yau injin ƙafa ake gwadawa?" In ce eh, nawa ne ya fara cin mai. A satin farko sau biyar muke tsayawa. A irin tsayuwar nan ne ta gaya mini abin da ban sani ba. Ashe ranar da ake kai su filin wata makaranta tsalle-tsalle, banɗaki take shiga ta kulle har a gama. Ashe 'yan ajinsu Tanka suke kiranta. Ta faɗa ba kuka, kamar labarin wata. Sai ta ce, "Baba, kai ka taɓa gudu sosai? Har iska ta riƙa ƙara a kunnenka? Wata a ajinmu ta ce haka ake ji." Na ce na taɓa. Na ce amma akwai wadda ta fi ni. Ranar da ta fara ɗebo ruwa kuwa, ta ɗora bokitin a ka yadda ta ga 'yan unguwa suna yi, ruwan yana zubo mata a fuska tana dariya. Na shige ɗaki. Ban iya kallo ba.

Sai abin da nake gudu ya zo. Wata biyu ina kawo dalilin rashin kai ta gaisuwa, Mama ta aiko cewa in ban kawo mata jikarta ba za ta taso da kanta. Muka je. Mama ta tsufa, kafaɗarta ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, amma ba ta yarda kowa ya daka wa yarinyar nan sakwara sai ita. Tana ganinmu ta tsaya, ta dubi yadda wuyan rigar ya saki.

"Ciwo ta yi ba ku faɗa mini ba?"

Na zauna na yi mata bayani da yarenmu, yadda nas ta faɗa. Ta saurara har na gama, ta ce, "Sukari ne ciwo? Mu da muke shekara ba mu ga sukari ba, mu ne muka binne yara. Kai ka taɓa ganin an binne mai ƙiba?" Ta tashi ta kawo kwano, malmala uku, da miyar gyaɗa da mai yana yawo a kai. Yarinyar ta ci ɗaya, ta dube ni, ta janye hannu. Mama ta tura mata kwanon, ta ce da Hausa, "Ci, 'yata. Ci, naki ne." Yarinyar ta sake dubana, ta miƙa hannu a hankali. Sai na miƙa nawa na janye kwanon.

A wajenmu ba a yin haka. Ko maƙiyinka ne, ba ka janye kwano daga gaban ɗansa yana ci. Wata maƙwabciya da ke tsince wake a bakin ƙofa ta tashi ta fita. Mama ta dube ni. Ta koma yarenmu, don yarinyar ba ta jin sa.

"Ka bar ta a bakin rafi da kaya, na yi shiru. Yanzu kuma abincin za ka ƙwace mata?"

Na ce, "Wa ya faɗa miki?"

"Ita. A kwana na uku. Ta ce kada in doke ka, wai yara ne za su yi maka dariya."

Shekara kusan arba'in tana dafa mini abinci, tana sa mini albarka, da wannan a cikinta. Hannuna yana kan kwanon. Abu mafi sauƙi a duniya a lokacin shi ne in tura shi gaban yarinyar, in ce ci, kowa ya huta. Ban tura ba. Na ce, "Mama, waccan mun binne ta, kuma da hannuna a ciki, na sani. Wannan 'yata ce. Ba zan binne ta ba." Mama ta juya fuskarta bango. Kafin mu yi sallama sai ta ja yarinyar ɗaki na ɗan lokaci.

Mun fito bakin titi muna jiran bas, sai yarinyar ta buɗe jakarta ta fito da baƙar leda, da ɗumi. Malmala biyun nan ne, da miyar a ƙulle.

"Kaka ta ce in ci a mota kada ka gani." Ta miƙo mini. "Amma Baba, kada ka zubar. Da kanta ta daka. Na ga tana tsayawa tana riƙe kafaɗa."

Na riƙe ledar. Ba zan zubar ba. Ba zan ba wani baƙo ba, don ba shi aka daka wa ba. Ba zan mayar ba, kuma ba zan bar ta ta ci ba. Na nemi bakin kwalbati na zauna, na kwance ƙullin, na fara ci da hannu, motoci suna wucewa, kwandastoci suna kiran Lugbe, Lugbe. Ban ji ɗanɗanon komai ba. Yarinyar ta tsaya a gabana ta tare ni daga idon mutane, ta ce, "Akwai nama biyu a ƙasa, Baba." Na ce na gani. Na ci har na suɗe ledar.

Yanzu duk Asabar muna zuwa. Mama ta daina sa malmala uku a kwano, ɗaya take sawa, sauran ta ƙulle a leda ta saka a jakar yarinyar in na fita alwala. Duk Asabar kuma ina zama a bakin kwalbatin nan in cinye. Yarinyar tana haye gadar sama yanzu ba tsayawa, wani lokaci ma ita take jira na a sama. Ni wandona ya fara matse ni. Mama ba ta taɓa tambayar wa yake cin abincin ba. Makon jiya na ga ta ƙara yaji a miyar ledar, ita kuwa ta san jikarta ba ta cin yaji.